Ranar da Na Wanke Sarewa a Gaban Surukina

Kun taso kun iske ni da kakanku na Ɗanzomo ba ma haɗa inuwa. Idan muka je gaisuwar Sallah, iyakata zaure: in tuɓe takalmi, in aika da gaisuwa ciki, a dawo mini da amsa da ƙwaryar fura. Idan shi ya zo Gumel, sai ya sauka gidan ƙaninsa, ya aiko a kai masa ku, ni kuwa ranar nan sai aiki ya yi mini yawa a asibiti ko da gadaje duk babu kowa. Kowane namiji yana jin kunyar uban matarsa, amma ta mutane takan yi laushi idan 'ya'ya sun zo, har ka ga an zauna tabarma ɗaya ana maganar damina. Tamu ba ta yi laushi ba, shi ya sa kuka yi ta nema mata dalili. Na taɓa jin Hadiza, babbarku, tana faɗa wa ƙannenta wai rigimar gona ce, alhali ban taɓa mallakar ko wurin shuka kuɓewa a Ɗanzomo ba. Wani a cikinku ya ce wai tun farko bai so aurenmu ba. Shi ya fi kowa sa mana albarka. Babu faɗa, babu gaba. Mahaifiyarku ce ta ce in rubuta yadda aka yi tun ina iya riƙe alƙalami, kada in mutu ku gaji gabar da ba a yi ba. Sunansa dai ba zan rubuta ba. Kun san shi, ni kuma bakina bai saba da shi ba, hannuna ma haka. Malam zan ce.

Gidanmu gidan alƙalami ne. Mahaifina akawu ne a ofishin En'e har ya rasu, yayana Inuwa ya bi sahunsa, kuma a ganinsu duk aikin da zai sa mutum ya naɗe hannun riga na waɗanda ba su yi boko ba ne. Ni na kauce na tafi Kano koyon aikin jinya, na dawo da farar riga da takardar shaida, ina taku kamar rabin likita. A shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo, aka kawo mana wani likita Bamisire, dogo, mai gaggawa, wanda ko shayi a tsaye yake sha. Ya zo da akwatin katako mai shimfiɗar karan-miski a ciki, irin wanda za ka yi zaton zinariya aka ajiye. Abin da ke ciki madubin leƙa mafitsara ne: siririn bututun ƙarfe mai sheƙi, tsawonsa bai kai kamu ba, da ƙananan famfuna a gindinsa na shigar ruwa da fitarsa, sai wani sanda da ya fi shi siranta, mai gilasai jere a ciki, da ake zurawa ta tsakiyarsa, da ɗan ƙwan fitila a baki wanda bai fi ƙwayar alkama ba. Ta hanyar fitsari ake shigar da shi, likita ya sa ido a ɗaya bakin ya ga abin da ke damun mutum. A ƙasar da yara ke wanka a kududdufi su tashi da tsargiya, irin wannan ƙarfe ba ya rasa aiki. Ma'aikata suka ce ya yi kama da sarewa, sunan ya bi shi. Likita ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ni ne namiji mai jin Turanci a ɗakin tiyata, ya miƙo mini akwatin. Na karɓa da hannu biyu, na ɗauka girma aka ba ni. Ashe wanki aka ba ni.

Kuma ba wankin gaggawa ba. Da zarar an zare ta daga jikin mutum, tun jini da yauƙi ba su bushe ba, sai in warware ta gaɓa-gaɓa, in kwance famfunan, in bi cikin bututun da siririn buroshi da ruwan sabulu mai ɗumi, har sai na ɗaga shi wajen taga na ga haske ya ratsa babu ko ɗigo. Likita ya sha faɗa mini cewa magani ba ya isa ga cutar da ta ɓuya a ƙarƙashin datti, sai ma ya daskarar da dattin ya zame mata ɗaki. Abin da yake ƙarfe zalla in jefa shi tukunyar dafa kayan aiki. Sandan gilasai kuwa ba ya shan wuta, domin zafi yana narkar da ƙaron da ya riƙe gilasan, ruwa ya shiga, madubi ya dushe, kuma babu mai gyara shi daga nan har bakin teku. Shi sai a kwantar da shi cikin ruwan fomalin, wani magani mai warin da ke sa ƙato kuka ba a yi masa mutuwa ba. In ya jiƙu a ɗauraye shi da dafaffen ruwa, a sake, a ƙara sakewa, saboda ragowar maganin nan in ya shiga jikin mutum ƙuna yake yi kamar barkono. In an gama aikin ranar a tsane komai, a goge gilashi da auduga, a ɗiga wa famfuna mai, a gwada ƙwan fitila ana murɗa batir a hankali, don in ka sakar masa wuta gaba ɗaya ya mutu, kuma 'yan uwansa da suka rage a akwatin ba su da yawa. Na iya aikin, har na fara jin daɗinsa a ɓoye, yadda babban mutum ke cin ƙosai a bakin titi yana waige. Amma hannuwana suka tsattsage, warin ya biyo ni gida, kuma Gumel ba ta kai girman da za a ɓoye sana'a a cikinta ba.

"Ga mai busa ya dawo," haka Yaya Inuwa ke tarbata duk yamma yana kishingiɗe a ƙofar gida. "Yau wa aka yi wa busa? A'a, tsaya daga nan, na yafe maka hannun. Ka je Kano ka yi shekaru, ka dawo kana wanke abin da ko mai yasar masai sai ya yi shawara da gida kafin ya taɓa."

A Ɗanzomo kuwa labarin bai kai ba. Can Likita suke ce mini, su jero mini yara in duba musu ido. Ban taɓa tsayawa gyara musu wannan kuskure ba, ni da a aji ba na barin Turancin kowa ya wuce ban gyara ba.

Bayan kaka ne, an gama ɗaure ɗan geron da fari ya bari, sai ga Baffa Tanko ya shigo asibiti riƙe da Malam. Baffa Tanko ƙanin Malam ne, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, mai baki kamar an biya shi, rabin maganarsa ta mutanen Damagaram: babbar mota a wurinsa kamiyo ce, likita kuma lokotoro. Malam manomi ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu, mutum ne da ko tari ba ya yi a gaban jama'a. Na hango shi yana tafe a duƙe, yana dafa bango, fuskarsa ta yi toka. Ashe ya daɗe yana fitsarin jini yana ɓoyewa, har ta kai fitsarin yana yankewa a tsakiya ya dawo yana ɗiga, alwala ta gagara riƙewa, ya bar wa wani limanci. Wannan ne ya fito da shi daga gida, ba zafin ba. Na tuɓe takalmi a tsakiyar baranda na tsuguna na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe kamar yadda muka saba. Da likita ya ji cewa malami ne sai ya yi murna, ya kama zuba masa Larabcin garinsu. Malam ya saurara da ladabi har ya kai aya, sannan ya juya ga ƙaninsa.

"Tanko, na dai ji sallama a farko. Sauran ban san daga wane littafi ya ɗebo ba."

Tafinta ya zama dole, kuma ni ne tafintan. Ku kwatanta da kanku. Likita ya tambaye ni da Turanci abin da ko tsakanin abokai sai an rage murya. Ni ba ni da bakin da zan tambayi Malam, sai in dubi siminti in faɗa wa Baffa. Baffa ya juya ya faɗa wa Malam, wanda ya fi shi kusa da ni kuma ya riga ya ji. Malam ya ba Baffa amsa yana kallon rufin ɗaki, amsar ta biyo hanyar da tambaya ta bi.

"Baffa, likita yana tambaya, wai idan an zaga, ko akan ji wani abu."

"Wane abu? Kai ɗan nan, yi magana kamar ka karya kumallo. Yaya, wai in ka tsuguna fitsari, da zafi?"

"Ka ce masa akan ji."

"To ka ji, akan ji. Saura me?"

Likita ya dubi agogonsa, ya tambaye ni ko dai Hausa ce ke da tsawo haka. Da aka gama ya ce abu biyu yake zato, ko tsakuwa ce a mafitsara ko tsiro, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ba mu da injin hoto a lokacin, shi kuma ba ya yanka mutum a makance. Sai ya leƙa. Ya buɗe akwatin, ya ɗago sarewa yana nuna wa Malam kamar mai tallar agogo, ni kuma na bayyana wa Baffa ta inda take bi da kalmomin da suka fi kowaɗanne nisa da wurin. Malam ya daɗe yana kallonta.

"Tanko, ƙarfen nan sabo ne?"

Na ce wa Baffa ba sabo ba ne.

"Ya shiga jikin wasu ke nan."

Na ce ya shiga.

"Wa ke wanke shi?"

Wannan ban fassara ba. Amma likita ya ga an yi shiru, ya matsa mini, na faɗa masa. Sai ya dafa kafaɗata da alfahari, ya tattaro 'yar Hausar da ya mallaka duka.

"Wannan! Wanki mai kyau!"

"A'a!" in ji Baffa Tanko. "Ashe lokotoron namu wanki yake yi? To, Allah ya sa albarka. Ni ma ai kashin shanu nake takawa."

Malam bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya ce wa ƙaninsa ya gode wa likita, amma abin da ya shiga najasar wasu ba zai shiga jikinsa ba sannan ya tashi ya tsaya gaban mutane, tunda bai san da me ake wanke shi ba. Wannan shi ne dalilin da ya faɗa. Ɗayan bai faɗa ba, domin kafin nan ya tambaya wa ke tsayawa kusa da likita in ana aikin, an ce masa ko ni, ko Sista shugabar ɗakin tiyata, wadda mace ce. Babu na uku. A nan ne na ji bakina yana cewa ai a Kano akwai manyan likitoci da ma'aikatan da ba su san kowa ba. Na faɗe shi da muryar mai ba da shawara, amma kaina nake nema wa ƙofa, kuma duk wanda ke ɗakin ya gane, har da wanda ba ya jin Hausa.

"In ta tafiya ce," in ji Malam, "Ɗanzomo ta fi kusa."

Aka tsaya a kan gobe da hantsi za su bi mota su koma. Da suka fita likita ya riƙe ni a ƙofa, ya ce in tsohon nan ya tafi haka, fitsarin zai koma sama ya kashe ƙoda, kuma ba ya jin zai ga damina mai zuwa.

Kafin in kai gida labari ya riga ni, domin Baffa Tanko ba ya ajiye magana ta kwana. Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗakinta.

"Ɗan mutunci ba ya ganin tsiraicin surukinsa," ta ce. "In ka yi, da wane ido za ka sake shiga gidansu? Da wane ido shi zai dube ka? Ka bar shi ga Allah da mutanen Kano."

Yaya Inuwa ma ranar bai yi mini ba'a ba, abin da ya fi ba'ar ban tsoro. Ya ce in na kuskura za a yi da ni a garin nan har jikokina. Mahaifiyarku tana tsakar gida tana tankaɗe, goye da Hadiza. Sai da na shiga ɗakinmu ta biyo ni da rariya a hannu.

"Baba ya ce zai je Kanon?"

"Bai ce ba."

"To ka san ba zai je ba."

"Ke ba ki san abin da ake yi a ɗakin nan ba."

"Ni ke wanke rigunanka, na san warinsa tun kafin mutanen gari. Tambaya ɗaya gare ni. Kunyar nan taka, ta fi fitsarinsa zafi?"

Ta gyara goyonta.

"In ya mutu sai ka je gaisuwa, ka tuɓe takalmi tun daga bakin gari, ka tsuguna. Kowa ya ce surukin Malam akwai ladabi."

Ta koma tankaɗenta. Na karanta littattafai da dama a rayuwata, na Turawa da namu, ban tuna wanda ya gama da ni a cikin layi kaɗan haka ba.

Da safe na je gidan Baffa Tanko kafin su nufi tasha. Abu ɗaya na sani game da malamai: ciwo ba ya tsayar da su, amma mas'ala tana tsayar da su. Na tsaya a zaure na ce wa Baffa ya roƙi Malam ya zo ya ga yadda ake wankin da idonsa, ya yi masa hukunci da iliminsa. In ya sami aibi, ni zan ɗaukar masa jaka zuwa mota. Aka daɗe a ciki, sannan na ji takun sandarsa.

Sista ta yarda a sa masa benci a bakin ɗakin wanki, muddin ba zai tsallako da takalmi ba. Aka yi dace, ko rashinsa, da safen an duba wani makiyayi da sarewar, tana nan cikin tasa da dattinta na gaskiya. Na tuɓe farar rigar da ake ce mini Likita dominta, na ɗaura gyauton roba, na naɗe hannun riga a gaban surukina. Na fara warwarewa ina yi wa tasar bayani, tunda ita kaɗai nake iya kallo. Na wanke da sabulu, na bi da buroshi, na zubar, na sake. Malam ya miƙo hannu, Baffa ya karɓi bututun ya ba shi. Ya ɗaga shi wajen haske ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya sansana, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya mayar. Na sake wanke shi na jefa a tukunya. Da na buɗe murfin fomalin kuwa, Baffa ya yi baya yana tari yana salati, Malam ya ja bakin rawani ya toshe hanci, amma idonsa ya yi haske irin na wanda ya kama ɗalibi.

"Tanko, ruwan da warinsa ya sake ba ya tsarkake komai. Ko yaro ya san wannan."

"Baffa, wannan ba na tsarki ba ne, na ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Na tsarki yana gaba."

Muka zauna jiran sandan ya jiƙu. Baffa ya cika shirun da labarin yadda fari ya zubar da darajar shanu, babu mai sauraronsa. Da lokaci ya yi na sa safar hannu dafaffiya, na ɗauko tulun ƙarfe na dafaffen ruwa. Malam ya ce a zuba masa a moɗa. Ya duba launinsa, ya sansana, ya kurɓa, ya juya shi a baki.

"Ruwa ne," ya ce.

Na kwarara a kan sandan, na juya na kwarara, na bi cikin bututu da famfuna. Ya ce a ƙara, na ƙara. Ya sake cewa a ƙara, na ƙara, ko da yake ya riga ya wuce abin da likita ke nema. Na haɗa sarewa na shimfiɗa ta a kan dafaffen ƙyalle tana sheƙi. Malam ya matso da bencinsa, ya gamsu, kuma don ya tabbatar sai ya miƙo hannu zai sake shafawa kamar ɗazu. Ban san lokacin da kalmar ta fita daga bakina ba.

"Kul!"

Abin da ake ce wa yaro mai rarrafe in ya nufi murhu. Ita ce kalma ta farko da na taɓa faɗa masa kai tsaye ba gaisuwa ba, kuma da tsawa. Hannunsa ya tsaya a sama, sannan ya koma cikin riga a hankali. Sista da ke wucewa ta tsaya cak. Na so simintin nan ya tsage in shige.

"To," in ji Baffa Tanko, "na yi yawo har Damagaram, yau dai na ga abin da ban taɓa gani ba."

Na ce wa tasa, da 'yar muryar da ta rage mini, in hannu ya taɓa ta yanzu sai an koma farko, ko hannun wa ne, ko na likita. Malam ya dubi ƙarfen. Can ya yi magana.

"Haka ne. Abin da aka tsarkake ba a wasa da shi. Tanko, ka ce masa ya yi aikinsa. Ni zan rufe fuskata da rawani. Shi ba shi da halin rufe tasa fuskar, Allah ya ba shi haƙuri."

Abin da ya faru a ɗakin tiyata ba zan rubuta shi ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarku. An yi masa allurar kashe zafi, ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ina jin motsin leɓɓansa a ƙarƙashi. Na riƙe ruwa, na miƙa abin da aka ce in miƙa, na murɗa batir a hankali kamar kullum, ƙwan kuwa bai mutu ba. Abu ɗaya zan faɗa. Likita mutum ne mai son koyarwa, da ya ga abin da yake nema sai ya yi kabbara, ya fizgo ni ya kafa idona a kan madubin kafin in yi gardama. Na ga wani ɗan ɗaki ja-ja mai haske, da tsakuwa kwance a tsakiyarsa kamar ƙwan zabuwa. Ba tsiro ba ne. Na ga surukina ta inda shi kansa bai taɓa ganin kansa ba, kuma a lokaci ɗaya na ji daɗi da kunyar da ban san ciki ɗaya yana iya ɗaukarsu tare ba.

A makon aka yi masa aiki aka cire ta. Kafin damina ya koma gaban sahu. Ya yi noma shekaru masu yawa bayan nan, ya ga haihuwarku duka. Abin da Inna ta faɗa kuma bai faɗi ƙasa ba. Ranar da aka sallame shi na tsuguna in yi masa ban kwana, muka ga ba za mu iya ba, ni da shi duka. Ya juya wa bango fuska, ni na juya wa ƙofa. Daga nan aka fara zaure da aike. A Ɗanzomo aka daina kawo mini yara, aka koma ce mini mai wanki, a Gumel kuma Yaya Inuwa ya sami abin ba'a da ya ishe shi har ritaya. Kowace kaka Malam yakan aiko da buhun gero, a samansa da dunƙulen sabulun salo, babu saƙo. Na yi shekaru ban san ko godiya ce ko zolaya ba. Mahaifiyarku ta ce ba ta taɓa jin babanta ya yi zolaya ba, Baffa Tanko kuma ya ce ai ba ta san shi yana saurayi ba. Daga baya na bar asibiti na koma koyar da ɗaliban jinya, kuma darasina na farko kullum a bakin tasa nake yin sa. Wanda ya yamutsa fuska ba na yi masa faɗa. Na san fuskar, na taɓa aske ta kowace safiya.

Ranar da Malam ya rasu kuna nan, wasunku da wayo. Ina tsugune a zaure inda na saba, sai Baffa Tanko ya fito yana dogara sanda, bakin nan nasa duk ya mutu.

"Taso. Yaya ya bar magana, kai za ka yi masa wanka."

Na ce ga 'ya'yansa maza, ga malaman gari, ni suruki ne.

"Na faɗa masa haka. Ya ce kai ka riga ka gani, ba ka taɓa faɗa ba, kada a ƙara wani. Ya ce kuma ba ka gaggawa a ruwan ƙarshe."

Kun ga na shiga, kuka ɗauka sulhu na je yi da gawa. Na naɗe hannun riga. Aka rufa masa zane inda ya kamata, na naɗe hannuna da ƙyalle, na yi masa yadda shari'a ta ce, Baffa yana zuba mini ruwa. Da muka zo ƙarshe na ce ya ƙara, ya ƙara. Na sake cewa ya ƙara. Kafin a ja likkafani sai na tsaya, domin babu rawani, babu bangon da zai juya wa, ni ma babu inda zan kai idona. Tun da na auri 'yarsa, sai ranar na kalli fuskarsa sosai.

Hadiza, hancin nan naki da kike cewa ba ki san inda kika samo shi ba, nasa ne.